Jinin farko ba sammacin aure ba ne

A garuruwan Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, kamar sauran ƙasar Hausa, har yanzu akwai gidajen da ke ganin bai dace yarinya ta yi al'ada sau biyu a gidan ubanta ba. Wannan ma'auni ya dogara ne da zaton cewa lokacin balaga ba ya motsi, alhali yana motsi. A Turai, cikin ƙarni na 19, ƴan mata kan fara ganin jini suna da shekara 16 zuwa 17. Yau abin ya sauko zuwa 12 ko 13. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bayanai daga nahiyoyi daban-daban, ya nuna cewa tsakanin 1977 da 2013 shekarun ƙirgar dangi sun riƙa raguwa da kusan wata uku a kowace shekara goma. Babban dalili shi ne abinci da ƙiba, domin jikin da ya tara kitse yakan tayar da sinadaran balaga da wuri.

Wani zai ce wannan matsalar masu ƙoshi ce, mu da tamowa ta sa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna jinyar yara a Madawa. Gaskiya ne yunwa tana jinkirta balaga, amma wannan ba kariya ba ce. Yarinyar da ta tsumbure tun tana ƙarama takan balaga da ƙaramin ƙugu, ita kuwa ta cikin gari mai samun abinci takan balaga da wuri, hankali bai kai ba. Dukansu ƙashin ƙugunsu yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan jinin farko. Cikin da aka ɗauka kafin nan yakan kawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari, irin wanda ake ɗinkewa a asibitin Danja kusa da Maraɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma tabbatar cewa haɗarin jijjiga ya fi yawa ga masu haihuwa ƙasa da shekara 20. A ƙasarmu, inda binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ke aure kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15, duk watan da balaga ta matso, aure ma zai matso, muddin jini ne ke yanke hukunci.

Iyaye na tsoron abin kunya, kuma tsoron yana da tushe. Sai dai maganinsa sa ido ne da tarbiyya, da uwa ko goggo da za ta zaunar da yarinya ta yi mata bayani tun kafin jinin ya zo. Addini ma bai haɗa balaga da cikar hankali ba: aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta shardanta duka biyun kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa, malaman fiƙihu kuma sun bambanta ɗaurin aure da tarewa. Dokar ƙasa ta amince da auren mace a shekara 15, amma ƙudurin gwamnati na 2017 ya ba da kariya ga karatun ƴa mace har zuwa shekara 16. Hakimai da limaman jihar Tawa su tsaya kan wannan. Yarinyar da alamun balaga suka bayyana gare ta kafin shekara 8 kuwa, wajen likita za a kai ta, domin wani lokaci ciwo ne da ke da magani.