Bindigar toka: Daga filin Hawan Sallah zuwa hanyar Uromi

A Amurka, zuwa kallon baje kolin bindigogi abu ne da aka saba da shi, kuma matsin tattalin arziki bai cika rage cinikin ba. A shekarar 2009, lokacin da ƙasar ke fama da karayar arziki, hukumar FBI ta gudanar da binciken tantance masu neman bindiga sama da miliyan 14, fiye da na shekarar da ta gabace ta.

A ƙasar Kano babu irin wannan kasuwa. Inda talaka ke kallon bindiga ba tare da fargaba ba shi ne Hawan Sallah, yayin da 'yan bindigar sarki ke ɗura albarushi, ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, yara su yi sowa.

Sai dai a ƙarshen watan Maris na 2025 ba a ji wannan ƙara ba. Rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawan bisa dalilan tsaro, a tsakiyar rikicin masarauta, watanni uku kacal bayan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya.

A cikin makon ne kuma wani labarin bindiga ya iso yankin noman rani na Kura da Bunkure.

An tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo, ɗauke da mafarauta da suka taso daga jihar Ribas za su gida yin Sallah. 'Yan sintiri sun ga bindigogin toka a cikinta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16. Da dama daga cikinsu 'yan ƙauyen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, inda daga baya gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf.

Me ya kai su kudu?

Tambayar tana da nauyi, domin yankin ba busasshiyar ƙasa ba ce. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, magudanan ruwa ke ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da alkama da tumatir damina da rani.

To amma ruwa kaɗai ba ya noma. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun tsawwala kuɗin taki da na huɗa da na sufuri. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari a Disambar 2024. Da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a tsakiyar shekarar, farashin shinkafa shanshera ya sauka daga baya, na taki kuwa bai bi shi ba. Magidancin da ba shi da fili a bakin magudana, ko yake hayar gona, shi ya fi jin jiki.

Farauta dai sana'a ce ta gado, ba talauci ne ya ƙirƙiro ta ba. Abin da ya sauya shi ne nisan tafiyar. Dazuzzukan kusa sun zama gonaki, na Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kuma sun faɗa hannun 'yan fashin daji. Saura na kudu, inda mazauna su ma ke cikin zullumin masu satar mutane.

Doka ba ta taimaka sosai ba. Dokar makamai ta 1959 ta bar batun lasisin bindigar ɗuri a hannun kwamishinan 'yan sanda na kowace jiha. Ko da mafarauci na riƙe da takarda daga Kano, da wuya ɗan sintiri a shingen Edo ya san yadda zai tantance ta, idan ma ya tsaya dubawa.

Su kansu mahukunta bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, a 2023 kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ya ce an dakatar da bayar da lasisi.

Wani ƙiyasi na cibiyar Small Arms Survey a 2018 ya nuna akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya. A cikinsu, bindigar toka ce mafi rauni, domin sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi. Amma ita ce ake ratayawa a fili, ita ce kuma 'yan sintirin Uromi suka gani a cikin mota.