Kimiyya A Hannunmu: Zaɓen Ƙwan LED Don Sandar Sarkin Aljanu

 Zango ya fara gangarawa, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo sun shiga shirin ranar ba da kyaututtuka. Wasu na ɗinka alkyabba, wasu na yanka takobi da kwali, wasu kuma so suke kan sandar Sarkin Aljanu ya riƙa haske idan an kashe fitilun zauren taro. Wannan sandar za mu ɗauka misali a yau, amma lissafin ɗaya ne ko kambi za mu yi ko takobi.

Idan muka je wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, abin da yakan fara fitowa daga bakinmu shi ne: "A ba mu wanda ya fi haske." Nan ake yin kuskure. Ƙwan da ya kashe mana ido a shago yana iya zama ɗigo ɗaya tak ga wanda ke zaune a layin ƙarshe, ko kuma ya shanye batir kafin Sarkin Aljanu ya gama jawabinsa. An yi asarar kuɗin ƙungiya, an kuma ji kunya gaban iyaye. Abubuwa uku za mu duba kafin mu miƙa kuɗi: ina hasken ya nufa, wane launi ne, kuma wane batir zai ɗauke shi.

Ina hasken ya nufa?

A jikin ledar ƙwai akan rubuta wata lamba da haruffan mcd a gabanta. Wannan lambar ƙarfin haske take aunawa ta fuska ɗaya kawai. Ƙwan da kansa yake garai-garai kamar gilashi yana tattara haskensa ya harba shi gaba a siririyar kusurwa, kamar digiri 15 zuwa 30, shi ya sa lambarsa take da yawa. Irinsa ya dace da tocila. Sandarmu kuwa za a kalle ta daga dama da hagu, mai riƙe da ita kuma juyi zai riƙa yi. Don haka wanda jikinsa yake da hazo-hazo muke so, ko mai gajeren kai kamar malafa, wanda yake baza haske kusan digiri 120. Lambarsa ba ta kai ta wancan ba, amma kowa a zauren zai gan shi.

Idan garai-garai ɗin kaɗai muka samu, sai mu goge kansa da samfefa mai laushi har ya yi fari-fari. Sannan mu sa ƙwan cikin gorar ruwa ta roba wadda muka liƙa wa farar takarda marar kauri ko farar leda daga ciki, mu bar ɗan tazara tsakaninsu. Sai gorar gaba ɗaya ta ɗauki haske. Ƙananan ƙwai goma da aka rarraba sun fi ƙato guda ɗaya ba da sha'awa.

Wane launi?

Kowane launi yana da ƙarfin wutar da yake nema kafin ya kama. Ana auna wannan da bolt, wato harafin V da muke gani a jikin batir. Ja da ruwan ɗorawa suna neman kusan bolt 2. Shuɗi da fari suna neman kusan bolt 3.2. Dalilin da ya sa fari ya yi daidai da shuɗi yana da daɗin sani: farin LED shuɗi ne a ciki, an shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar hasken biyu ce idonmu yake gani fari. Tun 1962 Nick Holonyak ya ƙera jan LED a Amurka, amma sai da aka yi kusan shekara 30 kafin a sami shuɗi mai haske. Masana uku 'yan asalin Jafan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka ci wannan nasara, aka ba su kyautar Nobel ta Fizik a 2014.

Wannan bambanci yana da tasiri a aikinmu. Idan muka haɗa ja da fari kafaɗa da kafaɗa a kan waya ɗaya, jan zai kwashe wutar, farin ya ƙi kamawa, mu yi zaton ya lalace. Wani abin lura kuma: idon ɗan Adam ya fi jin kore a kan sauran launuka. Mai son haske da yawa a wuta kaɗan, ya gwada kore. Ya ma dace da aljani.

Wane batir?

Ƙaramin ƙwan nan mai faɗin milimita 5 yana cin wuta 20 mA. Guda goma, kowanne da layinsa, sun zama 200 mA. Batir kuma yana da ma'aunin abin da ya ajiye, wato mAh. Batirin AA mai kyau, irin wanda aka rubuta wa alkalin, yana ɗauke da kusan 2,000 mAh. Mu raba 2,000 da 200, mun sami awa 10 a takarda. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuwa, duk da girman lambarsa, kusan 500 mAh kawai yake ɗauke da shi, wato awa biyu da rabi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A aikace lokacin bai kai haka ba, domin haske yana dusashewa tun kafin batir ya mutu, kuma batir mai arha ya fi saurin gajiya.

AA guda biyu bolt 3 suke bayarwa, farin ƙwai zai kama, ba da daɗewa ba ya dushe. Guda uku a jere, bolt 4.5, su ne daidai. Sai dai sun ɗara abin da ƙwan yake so, kuma LED ba ya cewa ya ƙoshi, ci yake har ya ƙone. Nan rezista take shigowa, ita ce birki. Ga Dokar Om da muke yi a aji: mu cire 3.2 daga 4.5, saura 1.3. Mu raba 1.3 da 0.02, wato 20 mA, mun sami 65. A kasuwa mai om 68 ce ta fi kusa, ita za mu saya. Kowane ƙwai da tasa rezistar. Doguwar ƙafar ƙwan tana zuwa ɓangaren alamar tarawa, gajeriyar kuma ɓangaren alamar ɗebewa. Idan muka juya su, ba zai kama ba.

Mai son amfani da fawabank ya sani bolt 5 yake bayarwa, don haka farin ƙwai zai so rezista mai om 100. Wasu kuma suna kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi kaɗan, sai a gwada tukuna.

A kula da lafiya

Akwai manyan ƙwai masu wat ɗaya, suna cin kusan 350 mA, suna kuma zafi sosai. Ba su dace da kayan da aka yi da kwali da soso da gam ba. Kada mu ciro batirin litiyam daga tsohuwar kwamfuta ko waya mu cusa cikin kayan da mutum zai riƙe ko ya sa a jikinsa, domin idan wayoyinsa suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yana iya kunna ƙwai ɗaya na idon abin rufe fuska ko na zobe ba tare da rezista ba, amma haɗari ne babba idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi. Mu naɗe shi da tef, mu ɓoye shi daga ƙannenmu, in kuwa an haɗiye, asibiti nan take. Kada a haska ƙwai cikin idon kowa. Liƙin dalma kuma a yi shi gaban malamin Fizik ko mai gyaran rediyo.

Gani ya kori ji

Kafin mu sayi goma, mu sayi ɗaya-ɗaya na iri biyu ko uku. Tsohuwar tocila ma akan sami ƙwai masu rai a cikinta. Mu kai su zauren da za a yi wasan, a daidai lokacin da za a yi shi, mu tura mutum ɗaya layin ƙarshe, ɗaya kuma gefe, su faɗi abin da suka gani. In da rana tsaka za a yi wasan a fili, ƙaramin LED ba zai yi gogayya da rana ba, gara takarda mai ƙyalli. Bayan an haɗa sandar, mu bar ta a kunne ninki biyu na tsawon wasan. Makunni ya kasance inda babban yatsa zai kai ba tare da lalube ba, sabbin batura kuma sai ranar taro.

Aikin gida: idan jan ƙwai mai bolt 2 za mu sa a kan batir uku na AA, rezista mai om nawa lissafi zai ba mu? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.