Yabon Allah a Kwanakin Tsadar Rayuwa da Rashin Tsaro

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, rayuwar talakan Najeriya ta shiga wani hali. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, amma a lokacin a kasuwanni da yawa kuɗin bai isa sayen buhun shinkafa ɗaya ba.

Ga kuma rashin tsaro. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe fiye da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Jihar Filato. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Masu bi suna cikin waɗanda suka rasa 'yan'uwa, gidaje da gonaki a duk waɗannan masifu. Shi ya sa tambayar da ake yi wa masu hidima yanzu ba ta wasa ba ce: yaya mutum zai yabi Allah kullum alhali tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba?

Abin da muke gani a ikilisiyoyinmu

Wanda ya shiga majami'a ranar Lahadi ba zai ce yabo ya ragu ba. Mawaƙa suna nan, Zumuntar Mata tana nan da tulu da kacau-kacau, matasa suna shirya daren yabo, bikin godiya na ƙarshen shekara kuma yana cika maƙil. Amma idan fasto ya zaga gidaje daga Litinin zuwa Asabar, zai tarar da wani abu dabam. Addu'ar safe ta iyali, wadda iyayenmu suka riƙe da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, tana mutuwa a gidaje da yawa.

Akwai dalilai. Tsadar kuɗin mota ta sa magidanta suna fita tun duhu domin su taka da ƙafa zuwa wurin aiki, su dawo a gajiye liƙis. Wayar hannu ta ƙwace farkon safiya da ƙarshen dare. Kafin mutum ya ce wa Ubangiji uffan ya riga ya karanta labarin hari a Facebook ko WhatsApp, zuciyarsa ta cika da tsoro da fushi. Iyalan da aka kora daga ƙauyukansu kuwa sun warwatse, uba a wani gari, yara a gidan dangi.

Dalili mafi zurfi shi ne irin koyarwar da ta yaɗu a tsakaninmu, wadda take mai da yabo kamar mabuɗin samun abin duniya. Ana ce wa mutane su yi rawa su yi waƙa, ƙofar arziki za ta buɗe. Wanda ya karɓi wannan koyarwa, ya yi yabo wata shida bai sami aiki ba, ƙarshenta sai ya yi shiru, ko ya fara zargin Allah. Yabon da aka gina a kan ciniki yakan rushe ranar da cinikin bai faɗa ba.

Har harshenmu ma yana iya ruɗinmu. Idan aka ce wa Bahaushe ina aiki, sai ya ce da godiya. Yaya gida, mun gode Allah. Kalmomin suna da kyau, amma mutum zai iya furta su sau ashirin a yini ba tare da ya tuna da Wanda ake gode wa ba ko sau ɗaya.

Tsarin da Littafi Mai Tsarki ya shimfiɗa

Tun a Tsohon Alkawari Allah ya ɗaura sujada a kan agogon yini. A Fitowa 29:38-39 ya umarta a miƙa ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da maraice, kowace rana. A 1 Tarihi 23:30 an ba Lawiyawa aikin tsayawa kowace safiya da kowane maraice su yi godiya da yabo. Ba a ce su yi haka a shekarar da damina ta yi kyau kaɗai ba. Aikin yana nan a shekarar yalwa da ta fari.

Daniyel ya nuna amfanin wannan tsari. Da aka kafa dokar hana addu'a, Daniyel 6:10 ya ce ya shiga ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana, yana addu'a da godiya kamar yadda ya saba. A lura da wannan magana ta sabo. Daniyel bai koyi godiya a bakin ramin zakoki ba, ya daɗe yana yi kafin dokar ta fito. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun ga irin wannan a zamaninmu. A watan Janairu na 2020 'yan Boko Haram suka sace Rabaran Lawan Andimi, fasto a ikilisiyar EYN kuma shugaban ƙungiyar CAN a Michika, Jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna bai karaya ba domin kowane hali yana hannun Allah. Bayan 'yan kwanaki suka kashe shi. Irin wannan natsuwa ba ta tsiro a rana ɗaya. Shekaru ne na tafiya da Ubangiji suka fito fili a gaban bindiga.

Yabo bai hana kuka ba

Wasu suna tsoron cewa kiran mutane ga yabo a irin wannan lokaci hanya ce ta rufe musu baki. Tsoron yana da tushe, domin an sha gaya wa gwauruwa ta daina kuka ta yi godiya tun ba a rufe kabarin mijinta ba. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da kai ƙara ga Allah. Zabura 13 ta fara da tambayar har yaushe, ta ƙare da waƙa. Zabura 88 kuwa ta ƙare cikin duhu, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Annabi Habakuk ya yi gardama da Allah a kan zalunci a surori biyu, kafin a sura ta uku ya ce zai yi farin ciki da Ubangiji ko da itacen ɓaure bai yi toho ba, garke kuma ya zama wayam. Manomin da aka hana shi zuwa gonarsa a Kudancin Kaduna ko Zamfara ya san ma'anar wannan fiye da mai sharhi.

Yabo kuma bai hana neman adalci ba. A Ayyukan Manzanni 16, Bulus da Sila sun yi waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk rauni. Da gari ya waye mahukunta suka aika a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce an yi musu dūka a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali su 'yan ƙasar Roma ne, saboda haka mahukuntan su zo da kansu. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi hakkinsa da safe. Ikilisiyar da take yabon Allah tana da 'yancin tambayar gwamnati inda kuɗin tallafin da aka cire yake tafiya, da dalilin da ya sa ake kai hari ba a hukunta kowa.

Akwai gargaɗi a gare mu ma. A Amos 5:23-24 Allah ya ƙi jin hayaniyar waƙoƙin Isra'ila domin babu adalci a cikinsu. Ibraniyawa 13:15-16 ya haɗa hadayar yabo da yin alheri da taimakon juna a wuri ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya ƙara tashi, ko mai gidan da ya riƙe albashin 'yar aikinsa, waƙarsa ta Lahadi ba ta wanke shi ba.

Yadda za a fara

Abu na fari, a tsai da lokaci. Maƙwabtanmu Musulmi sukan rufe shago idan lokacin salla ya yi, ko da mai saye yana tsaye. Mai bi ma zai iya keɓe minti goma da safe kafin ya taɓa waya, da minti goma kafin barci. Wanda yake fita tun asuba ya mai da tafiyar ƙafarsa lokacin yabo.

Na biyu, a bar Zabura ta ba mu kalmomi. Wanda ya karanta Zabura ɗaya kowace rana zai gama littafin cikin wata biyar. A ranar da zuciya ta bushe, kalmomin da aka riga aka rubuta sukan ɗauki mutum.

Na uku, a ambaci abu da sunansa. Maimakon a ce mun gode Allah a wuce, kowa a gida ya faɗi abu ɗaya da Ubangiji ya yi a ranar: yaron da zazzaɓinsa ya sauka, motar da ta iso lafiya daga Abuja, mudun masarar da maƙwabciya ta kawo. Bayan haka a yabi Allah saboda halinsa, amincinsa da ceton da ya yi mana ta wurin Yesu Almasihu, domin waɗannan ba sa tashi ko sauka da farashin kasuwa.

Na huɗu, a sa yara a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga mahaifinsa yana godiya a kan kunu ba sukari ya koyi darasin da makarantar Lahadi ba za ta iya koya masa ba.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya kuwa, ya kamata mu riƙa tambayar halin addu'ar gida idan mun kai ziyara, mu sa Zaburar kuka cikin tsarin sujada, mu kuma haɗa bikin godiya da rabon hatsi ga gwauraye da 'yan gudun hijira. Ba mu san ranar da farashi zai daidaita ko hare-hare su ƙare ba, amma gobe da safe akwai minti goma a hannun kowannenmu. Ubangiji ya ba mu alherin fara amfani da su. Amin.