Amfanin Aikin Hannu Ga Malamin Makaranta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu, in faɗi abin da na ke gani game da aikin hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da yawa daga cikinmu, mu masu koyon aikin malanta, muna ɗaukar lokacin aikin hannu tamkar lokacin hutu. In an kaɗa ƙararrawar Lissafi ko Turanci, kowa ya kan zo da littafinsa da hanzari. Amma in an ce a tafi wajen sassaƙa ko saƙa, sai ka ga ana jan ƙafa, wani ya ce kansa ke ciwo, wani ya ce shi ba domin wannan ubansa ya aiko shi ba. Ni kuwa a ganina, malamin da hannunsa bai iya kome ba sai riƙon alli, malantarsa ba ta cika ba, garin da aka kai shi kuma ya yi hasara.

Mu fara da abin da muka ji tun muna makarantar allo. Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Annabi Dawuda ya kan ƙera sulke, ya ci daga abin da hannunsa ya aikata. Annabi Zakariyya kuwa masassaƙi ne. An ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da yawan ilminsa, ya kan tufka igiya a sayar domin ya ci halaliyarsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Bello, a cikin littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji a kan asalin mulki, ya lissafa kula da masu sana'a cikin abin da ya wajaba a kan sarki, har ya ce a raba su gari gari yadda ko wane wuri zai sami nasa. Ita kanta makarantar allo ba ta raba karatu da aikin hannu ba. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa na gamba, shi ke dama tawadarsa da ƙaro, in ya girma ya koyi ɗinkin hula ya riƙe kansa da shi. To, daga ina muka samo wannan girman kai?

Tarihin ƙasarmu ma shaida ne. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon ganin ƙasashe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya ƙiyasta abin da a ke fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, duk wannan arziki a cikin gidaje a ke yinsa, ba a raba mutum da iyalinsa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, da majemanmu suka jeme, ta kan ƙetare Sahara ta shiga Turai, can a riƙa kiranta fatar Maroko. Ko ilmin boko da ya shigo, tare da sana'a ya shigo. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, tana da sashe inda a ke koyar da ƙira da sassaƙa da dukanci.

Amma fa dole in faɗi gaskiya, laifin ba na ɗalibai ne kaɗai ba. Irin aikin hannun da a ke yi a makarantu da yawa shi ya jawo wa kansa reni. A kan sa yara su yanka takarda su liƙa, ko su gina ɗan doki na laka, a jera a kan tebur ranar da manyan baƙi za su zo. Baƙi na tafiya sai a tattara a jefa bayan kabad, gara ta cinye. A waɗansu wurare abin ya fi haka muni. Yaro ya kan karɓi kuɗi wurin uwarsa ya sayo tsintsiya a kasuwa, ya kawo a ce ita ce aikin hannunsa, malami ya ba shi maki. Yaron nan abin da ya koya guda ne, watau maki abin saye ne. Wannan ɓarna ce ta tarbiyya, kuma mu ne za mu tarar da ita a ajinmu nan da shekara ɗaya ko biyu.

Magani a wurina shi ne, kafin a fara ko wane aiki a yi tambaya biyu. Ta fari, wa zai yi amfani da wannan abu in an gama? Ta biyu, ana samun kayan yinsa a garin nan? In an kasa amsa ɗaya daga cikinsu, a bar shi a nemi wani. Da wannan ma'auni aiki ba ya ƙarewa. A gida akwai faifai da mafici da tabarmar kaba, da asabarin ƙofa, da igiyar rama ta ɗaure akuya, da ƙotar fartanya, da akurkin kaji. A makaranta akwai bencin da ya karye, da allon bango da ke son fenti, da littattafan da bangonsu ya yage. A gari akwai tabarmin masallaci da suka mutu, da igiyar guga, da murfin rijiya wanda zai hana ƙazanta faɗawa, ya tsare ƙananan yara, da zanan tsohuwar da ba ta da mai gyara mata danga. Yaron da ya ga kakarsa na firfita da maficin da ya saƙa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan darajar aiki ba. Gani ya kori ji.

Ga misali daga ɗan'uwanmu malami, domin kada a ce magana ce ta fatar baki. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami ne a Jihar Jigawa, asalin gidansu masu ginin tukwane ne. Ya lura manoman ƙauye, da ya ke ba su da lantarki balle firji, tilas su ke karyar da tumatir da yalo da attarugu kafin su ruɓe. Sai ya dubi randar da ke ko wane tsakar gida. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa, ruwa na tsatsowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafi. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan lambu a ta ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A kan ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Sanyinta bai kai na firji ba, kuma ta fi aiki da rani, lokacin da iska ke bushe, fiye da damina. Duk da haka kayan da ke lalacewa cikin kwana uku su kan kai mako biyu ko uku. Ya sa maginan tukwane suka gina dubbai, aka raba a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ku duba, ilmin littafi ne ya san dalilin sanyi, hannun magini ne ya gina tukunya. Da an raba su, da ba a sami kome ba.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce sana'a gado ce, ɗan malami ba ya zama maƙeri, ɗan sarauta ba ya taɓa jima. Amsa ita ce, ba a ce kowa ya bar malanta ya koma maƙera ba. An ce ne ya san sana'a ɗaya sani na haƙiƙa, ya kuma girmama masu ita. A ajinka akwai ɗan baduku da ɗan masaƙi da 'yar mai ginin tukwane. In suka ga kana ƙyamar abin da ke ciyad da su, za su tashi suna jin kunyar iyayensu, su bar sana'ar gida, aikin ofis kuwa bai ishi kowa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai renin yumɓu kuma ya dubi bayan takardar Naira 20, zai ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. A ƙauyensu ta koya wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wadda a yanzu a ke kira Suleja, cikin 1954, har aikinta ya kai Ingila da Amurka.

Waɗansu za su ce kayan roba sun fi araha, me zai sa a wahala? Labudda akwai abin da injin ya fi hannu, ba kuwa wanda zai ce a koma saƙa ko wace riga a masaƙa. Amma kuɗin faifan roba ya kan bar gari ya tafi, na faifan kaba kuwa a hannun maƙwabciyarka zai kwana. Kwandon kaba in ya mutu ya zama taki, leda kuwa sai ta toshe kwata, ko akuya ta haɗiye ta ta rame. Gyara ma ba a sayensa a kanti, sai an sami mai hannu a kusa.

Akwai magana ta uku wadda ta fi waɗannan nauyi, watau kada makaranta ta kashe kasuwar masu sana'ar gari. Wannan gaskiya ne. Sabo da haka kada mu kai abin da yara suka yi kasuwa muna karya farashi. Mu yi na gida da na makaranta da na sadaka, kayan aiki kuma mu saya wurin mutanen gari.

Daga ƙarshe, ga shawarata zuwa ga malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ko wane ɗalibi, namiji ko mace, ya zaɓi sana'a guda tun shekararsa ta fari. A nemi gwanayen gari, masassaƙi da baduku da mai saƙar tabarma da mai tukwane, su riƙa koya mana yamma ɗaya ko wane mako, a biya su ladansu, a kira su malamai, mu kuwa mu durƙusa gabansu yadda ɗalibi ke yi. Kafin mutum ya fita, ya yi abu ɗaya na gidansu, ɗaya na jama'a. Kada a ba da maki ranar da aka gama. A bari sai abin ya yi wata uku ana aiki da shi, sa'an nan a je a duba ko benci na nan tsaye, ko murfin rijiya ya jure. Mu kuma 'yan'uwa, kada mu jira sai an tilasta mu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ranar da aka ba mu aji kuwa, ba sauran lokacin koyon riƙon gizago.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa albarka a cikin abin da hannuwanmu suka aikata, amin. Haza wasalam.