Kyanwa Ma Tana da Hakki a Wuyanmu

Akwai wata magana da mutane sukan yi duk sa'ad da suka ji cewa a Ingila akwai gidajen da ake jinyar kyanwoyin da masu su suka wulakanta. Sukan yi dariya su ce, "Ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Yara suna kwana da yunwa, su kuwa suna kai mage asibiti!" Maganar tana da daɗin ji, amma a karkace take, ya kamata kuwa a amsa ta.

Bari mu fara duba abin da ake yi a waɗannan gidaje. Kyanwa takan iso a rame, jiki duk ƙuma, ciki cike da tsutsa, idanu sun manne da kwantsa saboda mura. Da farko akan ware ta a ɗaki dabam domin kada ta shafa wa sauran. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ba ta maganin ƙuma da na tsutsa, in jikinta ya bushe a ƙara mata ruwa. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan ake ba ta, gama cikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi farat ɗaya, yana iya jawo ajali. In ta murmure sai a yi mata rigakafi, a yi mata aikin hana haihuwa, sa'an nan a nema mata gidan kirki. Hana haihuwar ba mugunta ba ce. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan mako 9, ƴaƴan da babu mai so kuwa su ne ake tsinta a bola. Ina almubazzaranci a nan? Mutum ne ya jawo ciwon, mutum ne ya kamata ya biya.

Masu dariya suna zato jinƙai kamar tuwo ne, in an ɗiba wa dabba sai na mutum ya ragu. Tarihi ya ƙaryata su. A shekarar 1824 wani limamin coci, Arthur Broome, ya kira taro a Landan inda aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda yau ake kira RSPCA. Cikin waɗanda suka halarta akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekaru yana fama a majalisa har aka haramta cinikin bayi a 1807. Ashe zuciyar da ta ji kukan bawa, ita ce ta ji kukan dabba.

To, mu fa? Mukan ɗauko ƴar kyanwa domin ta kore mana ɓera daga rumbu. Ta yi aikinta shekara da shekaru ba lada. Ranar da ta kwanta ciwo sai a ɗaure ta cikin buhu a kai ta bayan gari, waɗansu ma su ce mayya ce, yara su bi ta da jifa muna kallo. Wannan butulci ne. Yana kuma da haɗari, domin makeron kyanwa yakan kama yara, kyanwar da ba a yi wa rigakafi ba tana iya ɗauko ciwon haukan kare.

Ba a ce mu gina wa kyanwa asibiti ba. Ka ba ta ruwa da ragowar abinci. Ka kai ta wurin ma'aikatan lafiyar dabbobi, gama rigakafi ya fi magani. Kada ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. In ba za ka iya riƙonta ba, kada ka ɗauko ta.

Ƴan'uwa, littafin Karin Magana 12:10 ya auna adalcin mutum da yadda yake kula da dabbarsa. Kafin mu yi wa waɗansu dariya, bari kowa ya hau wannan ma'auni tukuna.