Omo Ba Sabulun Mota Ba Ne

Batunmu na wannan makon wankin mota ne. Mun san wasu za su ce ƙaramar magana ce. To, su tambayi wanda ya biya kuɗin sake fenti a bana, shi zai faɗa musu girmanta.

Matsayinmu a fili yake: omo da sabulun wanke-wanke ba su da hurumi a jikin mota. Amma a je wuraren wankin mota na bakin titi a gani. Yaro zai farke ledar omo, ya zazzaga a bokiti, ya kaɗa har kumfa ta tashi, mai mota kuwa yana zaune a benci yana jin daɗi, wai an yi masa aiki. Wannan mutumin fa makon jiya ya biya aka shafa wa motar folish.

Ga abin da ke faruwa. Ƙyallin da muke gani a jikin mota ba launin fentin ba ne. Wani shafi ne garai-garai da ake fesawa a samansa, kaurinsa kusan maikiron 40 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Shi ake karewa da kakin mota. Kakin da ya fi suna ana samo shi daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Brazil, ana ce mata karnauba, kuma yakan yi wata biyu zuwa uku. Man kariya na haɗin kamfani yakan kai wata shida. Dukkansu shimfiɗa ce siririya mai hana ruwa, rana da datti taɓa fentin kai tsaye.

Shi kuwa omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga yadi. A ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ruwa mai tsabta yana kan 7. Ruwan omo yakan kai 10 ko 11, wato ɓangaren kanwa da toka. Sabulun kwanuka bai kai shi kaifi ba, amma shi ma aikinsa narkar da mai ne. Kaki kuwa ɗan uwan maiƙo ne. Wanki ɗaya ba zai kashe fenti ba, wannan gaskiya ne. Amma mota a garuruwanmu sau nawa ake wanke ta a mako? A haka kakin zai zaizaye, rana ta samu fentin tsirara, rufin mota da bonet su fara dusashewa, robobin baƙi su koma ruwan toka.

Ga kuma hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi. Sabulun mota na gaskiya ana haɗa shi da santsi don ƙura ta zame ba tare da ta karci fenti ba. Idan babu wannan santsin, aka ɗora tsohuwar singileti ana dirza, to sanfefa ake yi wa motar. Zanen nan mai kama da saƙar gizo da ke fitowa a baƙar mota cikin rana, daga nan yake zuwa.

Za a ce sabulun mota tsada gare shi. Mu yi lissafi. Marfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kwalba ɗaya ta yi wanki da yawa. A kwatanta da kuɗin fenti, da yadda dillali ke karya farashin mota da zarar ya gane an taɓa fentinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kada kuma a ɗora wa yaran wankin laifin duka. Mai mota da ke ciniki har sai ya rage kuɗin wanki, shi ya zaɓa wa kansa omo.

Abin da muke kira a yi ba wuya gare shi ba. A sayi sabulun da aka rubuta na mota ne, pH ɗinsa 7 ko kusa, kuma ba ya cire kaki. A ajiye shi a but, a miƙa wa mai wanki. A fara watsa ruwa ya sauke ƙura kafin hannu ya taɓa bodi. A yi bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tawul, kuma tsumman taya kada ya hau fenti. A yi wankin a inuwa, don ruwan rijiyar burtsatse na barin tabo idan ya bushe a rana.

Mai son gwaji ya watsa ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kakin na nan. Idan ya kwanta ya baje, lokacin sabon shafi ya yi.

Masu wuraren wanki da ke cikin wannan zauren, muna jiranku. Ku kawo sabulun da ya dace, ku faɗi farashinsa, mu kuma mu biya ba gardama.