Rimawa, Mu Tashi Mu Karɓo wa 'Yan Masaƙa Haƙƙinsu

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, kada wanda ya ce maganar masaƙun da suka mutu ta mutanen Kaduna ce su kaɗai. Tamu ce, domin ɗanmu ne ya aza harsashinsu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ne Firimiya lokacin da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, don audugar talakan Arewa ta daina tafiya Ingila ɗanya tana dawo mana yadi mai tsada. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, Kano ta kafa nata a Bompai da Sharaɗa, Gusau da Funtuwa su ma suka samu rabonsu.

Kowa ya san yadda aka yi abin ya rushe. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar Sin ta kwararo, wata ta tashar jirgin ruwa, wata ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano ta ratsa Nijar, har da zanen da aka sato daga masaƙunmu. Wutar lantarki babu, baƙin man da ake kunna tukunyar injin da shi ya yi tsada. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta sallami ma'aikatanta a 2007. Magidancin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsaye a gaban injin, ƙurar auduga na shiga ƙirjinsa, ya wayi gari yana kabu-kabu ko gadi.

An ce gwamnati ta taimaka. To, wa ta taimaka wa? Asusun naira biliyan 100 da aka danƙa wa Bankin Masana'antu rance ne ga masu kamfani. Matakin da Babban Banki ya ɗauka a 2019, na hana masu shigo da yadi kuɗin waje, shi ma kasuwa ya nufa. Duka biyun suna da amfaninsu, ban musa ba. Amma ma'aikacin da aka kora ba kamfani gare shi ba, balle ya ci rance. Abin da yake bi kuɗin sallamarsa ne, guminsa, kuma ma'aikatan KTL sun haura shekara 20 suna binsa. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya, matansu ne ke yawo da takardun yanzu. Abin da ya fi ƙona rai, KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, har da Sakkwato. Ashe gwamnatinmu na cikin waɗanda ake bi bashin. Wane malami ne a ƙasar Shehu zai ce ya halatta a riƙe ladan ɗan ƙwadago har ya shiga kabari?

Ko Amurka, uwar masu wa'azin buɗe kasuwa, a 1962 ta yi dokar tallafa wa ma'aikacin da kayan waje suka raba da aikinsa: a ba shi abin kashewa, a koya masa wata sana'a. Wanda ya buɗe ƙofa iska ta shigo, shi ke da alhakin rufa wa na cikin ɗaki bargo.

Mu kuwa Allah ya ba mu abin da za a tallafa da shi. Ga madatsar ruwan Goronyo, ga fadamar Wurno da Lugu. A ware wa tsofaffin 'yan masaƙa da marayunsu filin noman rani, a ba su injin ban ruwa da taki da iri, a sa 'ya'yansu cikin koyon ɗinki da rini, gwamnati kuma ta riƙa sayen kayan makarantar ɗalibai daga hannunsu. A yankin da 'yan bindiga ke farautar matasan da ba su da abin yi, wannan ma aikin tsaro ne.

Sai dai ba a biyan wanda ba a san da shi ba. Saboda haka mu fara daga gida. Kowane mai unguwa ya rubuta sunan duk wanda ya taɓa aiki a masaƙa daga garinsa, ko yana raye ko ya rasu, da masaƙar da shekarun da ya yi. Mata, ku fito da katin aiki da takardar sallama daga ƙasan akwati. Limamai, ku faɗa ranar Juma'a. Matasa masu ilimi, ku haɗa sunayen ku kai ga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a Kaduna, ku kai kwafi Majalisar Dokokin Jiha.

Ku kuma wakilanmu, na Wurno da Rabah, na Goronyo da Gada, da Sanatan Sakkwato ta Gabas, ku sa gwamna ya kai maganar gaban taron gwamnonin Arewa, a yanka wa kowace jiha kasonta, Sakkwato ta fara biya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a yana kiran sunan Gamji, wato Sardauna, ku tsayar da shi a ƙofar gida, ku tambaye shi ranar da za a biya 'yan masaƙa.